Akushin da Inna Basiratu ta ba da aro

Inna Basiratu ta tsufa a Filinge ba ta taɓa kewar kayan zamanin da ba. Ƙwarya ta fashe, ta sayi roba. Gadon kara ya karye, ta gode wa Allah. Abu guda ta riƙe, baƙin akushin da marigayi mijinta ke cin tuwo a ciki.

Sai Mas'uda, matar ɗanta da ke Yamai, ta kamu da son wani fim na mutanen zamanin da a tele, ta ce ɗakin baƙinta haka zai koma. Ta zo ta kwashi faifai da ludayi, ta ari akushin.

Da Inna ta tafi ganin jika, Mas'uda ta ce, "Inna, gobe za a huda akushin a kafa a bango, kamar na fim."

"Su mutanen fim ɗin, a bango suke cin tuwo?"

Karɓe abu daga hannun suruka da kunya. Washegari Inna ta tuƙa tuwon hatsi ta cika akushin, kuma kullum mai ƙusa ya zo sai ya tarar da abinci ciki. Ranar komawa ta zuba guzurinta a ciki, ta ɗaure da ƙyalle. Mas'uda da kanta ta ɗauko mata shi har tasha.