Tutar da Na Kafa a Ƙofar Ɗakin Kaka

Kwanan baya masu awon filaye suka kafa sanduna da jan tsumma a bayan unguwarmu, sai na tsinci kaina tsaye ina kallo kamar wadda aka dasa. Kakata ce ta faɗo mini a rai.

Shekarar da aka samu mulkin kai ina 'yar elementare, a wani ƙauye kusa da Likoro. Damina ta ja baya, dawa ta fara fitar da kai, ƙasa kuwa da sauran danshi. Aka raba mana ƙananan tutoci a makaranta. Na zo gida da gudu, na soke tawa a ƙasa daidai ƙofar ɗakin Kaka, don ta fito ta gani ta yi murna.

Ta fito da ƙwaryar tsaki a hannu. Da ta ga tutar sai ƙwaryar ta suɓuce, kaji suka yi caa a kai, ba ta ko kore su ba.

"Wa ya kafa wannan?" Muryarta kamar ba tata ba. "Gidan za su ɗauka?"

Na ce ni ce, ta murna ce. Ta tumɓuke ta, ta shafe ramin da tafin ƙafa, ta ja mayafi ta ce in biyo ta.

Tsakar rana ce, lokacin da ake hana yara yawo. Muka ratsa gonakin rake har tudun da layin dogo ya hau. Ba kowa, ko tsuntsu babu. Kaka ta tsaya gaban tudun nan na jar ƙasa, ta yi sallama, ta saurara kamar mai jiran a amsa.

A nan ta ba ni labari. Tana yarinya wani Bature ya zo da tafinta, yana dariya, yana tambayar me ake nomawa, ina ake samun ruwa. Aka ba shi fura. Da ya tafi sai aka ga jajayen tutoci a jere cikin gonar babansu. Hanyar jirgi Turawa suke so, wadda za ta kwashe auduga da gyaɗa zuwa bakin teku.

"Bai taɓa ɗaga mana murya ba," in ji ta. "Daga sama aka aiko wa hakimi, hakimi ya aiko wa dagaci, dagaci kuwa mutumin da ya yanka ragon sunana ne. Shi ya zo yana sunkuyar da kai, ya ce kowane gida a ba da namiji."

Wanta ya tafi a madadin babansu. Da kai suka ɗauko ƙasar tudun nan, kwando kwando. Wata rana bayan ruwan sama gefe guda ya rufta da mutane, har da wan nata. Mai kula da aiki ya ce a ci gaba da zubawa. Babu wanka, babu salla.

"Ɗora hannunki," ta ce.

Na ɗora tafina a kan ƙarfen dogon. Rana ta take, amma sanyi ƙalau na ji. Can ƙasa wani abu yana bugawa a hankali, dum, dum, kamar ana haƙa daga ciki. Na ce jirgi ne. Muka koma gefe muka zauna har inuwa ta karkata. Jirgi bai zo ba.

Ban sake jin ta ɗauko zancen ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Yanzu jirgi ya daina bi, ƙarfen ya yi tsatsa, gonakin masara sun matso har gindin tudun. Bara na je ta'aziyya ƙauyen, na tarar da samari tsaitsaye a kan tudun. Wai duk yankin, a nan ne kaɗai waya ke kamawa sosai. Ɗaya ya toshe kunne guda da yatsa, yana kallon ƙasa tsakanin ƙafafunsa, yana ta ɗaga murya: "Kana ji na? Kana ji na?"

Na ja mayafina, na yi sallama a hankali, na wuce.