Alwala da kofi ɗaya

Lokacin da fari ya sa aka hana ba ciyawa ruwa a Greensboro, sai na tuna marigayi kawuna. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin kunna wa jiragen ruwa fitila a wata tsohuwar hasumiya, can tsakiyar Bahar Maliya. Ruwan sha sai kwalekwale ya kawo, in iska ta bari.

Wata rana da ya zo wurina a nan Greensboro, ya tarar na saki famfo ina alwala. Ya miƙo hannun nan nasa da gishiri ya tsattsaga, ya rufe.

Na ce, "Kawu, nan fa Amurka ce."

Ya ce, "Na taɓa kwana uku da ƙishirwa, ruwa kewaye da ni."

Yau da kofi ɗaya na yi alwala, irin tasa. Allah Ya shayar da shi ruwan Alkausara.