Tsuntsun da Aka Kashe wa Wuta

Har yau ban manta da Talatar da na buɗe katon ɗin samfur a ofishinmu na ginin Tianxiu a ƙasar Sin ba. Shekarata biyu ke nan ina duba kaya kafin lodi, wato in na sa hannu sai kwantena. Wata coci daga Kafanchan ta ba mu odar atamfar anko, zanen tsuntsu ne a tsakiyar wuta. Abin da masana'anta ta bugo tsuntsun Sin ne mai dogon bindi, babu wuta ko kaɗan.

Na kira laoban, mai masana'antar. Ya ce ƙona tsuntsu a jikin tufa mugun fata ne, gyara ya yi mana, mu gode masa.

Alhaji, mai ofishinmu, ya leƙa ya ce, "Hauwa, wannan ma ya fi kyau. Jirgin ruwa saura kwana tara ya tashi, sa hannu mu wuce wurin."

Na ce, "Alhaji, ba kai za ka ɗaura ba."

"To in jirgin ya tashi babu mu, ki nemi wani ofishin."

Na buga wa Baba Rabaran waya, tsohon da ya aiko zanen. Ni kaina ban ga amfanin wutar ba, kuma na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, ai wutar ce maganar. Tatsuniyar mutanen Girka ce tun kafin zuwan Almasihu, tsuntsu ne da in ya tsufa yake ƙonewa, ya sake tashi daga tokarsa. Kiristocin farko a makarantun Girkawa suka koyi karatu. Sun ƙi gumakan Girkawan, amma wannan labarin suka sa shi a wasiƙu da wa'azi don su kwatanta tashin matattu, masu kwafe littattafai suka yi ta miƙa shi har ya iso gare mu. In babu wuta, kaza kawai kika aiko min."

Washegari na tafi masana'antar da kaina. Laoban ya ce meiyou, wato babu lokaci. Na ja kujera na zauna a gaban injin. Kwana uku ina zuwa da abincina a leda, sannan suka sake bugawa. Kayan suka shiga kwantena ana gobe jirgi zai tashi. Alhaji bai yaba min ba, bai kuma kore ni ba.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku riƙe wannan: mu masu miƙawa ne. In abin da ke jikin kaya bai yi muku ma'ana ba, ku tambayi mai shi kafin ku bar wani ya taɓa.