Gishirin Inna Asabe

Shekara ashirin da bakwai Inna Asabe tana suyar waina a ƙofar gidanta na Gyaɗi-Gyaɗi. Daga Darmanawa ma takowa ake yi saboda miyar taushenta. Da wannan tandar ta aurar da 'ya'ya mata uku, ta kai autanta Nura makaranta har ya samu gurbin karatu a Amurka. Mace ce mai fara'a, amma fa kada ka kuskura ka taɓa mata girki!

To, bara sai layi ya fara gajarta. Masu Keke Napep da ke cika mata benci suka koma gaisuwa daga nesa. Ta tambayi maƙwabciyarta Uwani, Uwani ta ce, "Yanayi ne kawai, Yaya." Abin ya ci mata rai ƙwarai, har ta fara tunanin kife tanda ta huta.

Ana haka Nura ya zo hutu da matarsa Linda, Ba'amurkiya mai 'yar Hausar da miji ya koya mata. Inna ta zuba wa surukarta waina da miya, ta tsaya tana jiran santi.

"Yaya kika ji, 'yata? Ta yi?"

Linda ta haɗiye, ta yi murmushi. "Waina da daɗi, Inna. Miya, gishiri yawa sosai."

Kai! Nura kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya hau ba da haƙuri, wai a can haka aka rene su, in ka tambaya za a faɗa maka, ɓoyewar ce suke ɗauka cin amana. Inna ta ce, "Rufe min baki!" Ta suri kwanon sai gidan Uwani.

"Don girman Allah ki ɗanɗana, ki faɗa min gaskiya."

Uwani ta sunkuyar da kai. "Yaya, tun murar nan da kika yi bara harshenki ya daina ji. Kowa ya sani. Nauyinki muke ji."

Inna ta zauna daɓas. Can kuma sai dariya ta ƙwace mata, har da riƙe ciki. "Unguwa guda kun zuba min ido, sai da aka hau jirgi aka zo faɗa min!"

Washegari ta miƙa wa Linda ludayi. Kullum kafin a sauke tukunya sai Linda ta ɗanɗana, tana koya wa Inna auna gishiri da cokali. Sati biyu, benci ya sake cika, har da masu ci a tsaye.

Ranar da za su koma, Linda ta ɗanɗana, ta lumshe ido, ta ce, "Inna, yau babu gyara." An sha yabon girkin Inna Asabe a duniya, amma ran nan kuka ta yi, don ta san ba kara aka yi mata ba.