Ƙofar Catford ta kulle ni a waje

Wallahi ban san lokacin da na zura silifas na yi waje ba! Dusar ƙanƙara ce ke sauka, ta farko a rayuwata. Ina ta juyi kamar amaryar littafin soyayya, sai na ji ƙaf a bayana.

Ashe ƙofofin unguwarmu ta Catford a London da kansu suke kullewa. Ga miyata a kan wuta, ga maigida a sama yana ramuwar barcin aikin asibiti. Na yi ta bugu, shiru. Sai na dunƙula ƙanƙara na jefi tagarsa.

Ya leƙo. "Amarya, lafiya?"

"Dakta, a littafi nan ne miji ke saukowa da gudu ya yafa wa matarsa kwat."

"A littafin ma miya ƙauri take yi?"

Ya sauke tukunyar, ya fito ya yafa min kwat ɗinsa. Ƙaf! Ta sake kullewa.

Yana ta salati, ni kuwa na ji makulli a aljihun kwat ɗin, na yi gum. Sai da muka yi fari fat na miƙa masa.

'Yan uwa, da ku ne, za ku yi saurin ba shi?