Taurayen Baba Waliu

A Fagge aka haifi Waliu, a wani lungu da ke bayan titin Ibrahim Taiwo. Mahaifinsa ya zo daga Ogbomosho yana sayar da atamfa, ya so ɗansa ya gaje shi, amma Waliu in an ce ya auna yadi shida sai ya yanka bakwai. Da aka gaji, aka bar shi da awakin da mahaifiyarsa ke kiwo a bayan gida, kuma a cikinsu ya tsufa.

Sana'arsa ita ce ya sayo ƙananan bunsuraye, ya fiɗiye su da wuƙa, ya turke su har su yi ƙiba, ya kai wa masu farfesu a Sabon Gari. Wanda aka fiɗiye shi ne taure, namansa ba ya hamami. Wanda ba a fiɗiye ba kuwa, ko buhun citta ka juye a tukunya sai an ji. Shi ya sa duk mai saye yake sunkuyawa ya kai hannu ƙarƙashin dabba ya tabbatar. Na Waliu ne kaɗai ba a taɓawa. Madam Chinyere mai farfesu ta shekara ashirin da shida tana saye a hannunsa, ba ta taɓa sunkuyawa ba.

Abin da mutane ba su sani ba, Waliu ya tsani wuƙar nan. Ranar fiɗiya ba ya iya cin abinci. Matarsa Muinat takan ce, "Mutum da gemunsa, akuya na kuka yana taya ta." Kusan kowace shekara sai ɗaya ko biyu ciwon ya ruɓe, su sandare su mutu a gabansa. Da ya haura sittin, hannunsa ya fara rawa.

Sai wata likitar dabbobi, Dakta Zulfa, ta zo duba masa awaki ta kawo masa labarin wata allura. Sau biyu ake yi, wata guda tsakani. Maraina su ƙanƙance, hamami ya tafi, dabba ta yi ƙiba, ba jini ba ciwo. Sau uku Waliu yana sa ta maimaita. Aka yi wa guda goma sha huɗu, suka ɗan zabura, suka koma cin harawarsu. Ranar malmala biyu ta amala ya ci, har Muinat ta tambaya ko lafiya.

Kuskurensa ɗaya ne, bai gaya wa Chinyere ba. Shi dama ba mai yawan magana ba ne, kuma a ganinsa nama ake saye. Ta dafa uku, ba wanda ya ce uffan. A na huɗu mahaucin da ke mata yanka ya kira ta ya nuna mata abin da ya gani.

Da hantsi adaidaita sahu ta sauke ta a ƙofar gidan. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta wuce turke, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sunkuyawa. Waliu na tsaye yana kallo, kamar shi ake lalubewa.

"Baba, tun ina da cikin Munachi nake saye a hannunka," in ji ta. "Bunsuru za ka ba ni?"

"Madam, allura aka yi musu. Kin ji wari a tukunyarki?"

"Hannuna ya taɓa, kana ce min allura? Da gaskiya ce da ka faɗa tun farko."

Ta juya ta yi tafiyarta. Dakta Zulfa ta je har shagon farfesun ta yi bayani, Chinyere ta saurara da mutunci, ta ce masu cin farfesunta sun riga sun ji, kuma ba za ta bi su tebur-tebur tana karanta musu takarda ba. Kafin sati ya zagayo, magana ta gama Sabon Gari cewa tsohon nan ma ya fara ha'inci. Wata biyu ba wanda ya leƙo. Ba rashin cinikin ne ya fi cin ransa ba. A ƙofar masallaci wani ya ce masa, "Baba, ya bunsuraye?" aka yi dariya, ya dawo gida ya kwanta da rana tsaka.

Wata Asabar da safe ya ɗauko wuƙar ya wasa. Dakta Zulfa ta roƙe shi a waya, ta ce sun girma, za su zubar da jini, kuma aikin an riga an yi shi. Ya ce ya sani. Ya yi wa goman da suka rage, hawaye na bin gemunsa. Muinat ce ta riƙe masa ƙafafunsu. Cikin kwana tara uku suka mutu.

Da sauran suka warke ya aika wa Chinyere. Ta zo, ta gaishe shi da kyau, ta tambayi jikin Muinat. Sannan ta sunkuya, ta lalube bakwai ɗin duka, ta miƙe tana share hannu da gefen zaninta.

"Yauwa, Baba," in ji ta, har da murmushi. "Yanzu ka dawo kan gaskiyarka."

Waliu ya dubi turakun nan uku da ba kowa a jikinsu. Ya ce, "To, Madam," ya kwance mata igiya.