Zomayen Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya fi kowa kashe zomo a ƙauyenmu na kusa da Dantchiao, kuma shi ya fara cewa a daina. Ya ce ranar da ya yini a dawa da karnukansa bai tayar da ko ɗaya ba, ya san sun cinye rabon jikokinsu. Akwai wani dajin gwamnati gabas da gari, na sabara da kalgo, wanda doka ta hana sara a cikinsa, amma babu wanda ya damu da abin da ke gudu ƙarƙashin itatuwan. Nan kawu ya sa kansa. Ya bi abokan farautarsa gida-gida, ya sha zagi ya sha dariya, har suka yarda su rataye kere, sandar nan ta jifan zomo, su ɗaure karnuka da rani. Aka yi shekaru a haka, ba ganga ba shela. Zomo ya dawo, har mata masu tsintar itace suna tayar da shi.

Sai masu manyan riguna suka ji ƙanshi. Ka san halin mutanenmu, in tuwo ya nuna kowa ɗan gida ne. Aka kafa komite na kare zomaye, aka ɗora wani mai shagon taki a kai a matsayin perzidan, wato shugaba, mutumin da ƙaya ba ta taɓa sukar ƙafarsa ba, wanda bai san bambancin kashin zomo da na akuya ba. Kawu kuwa aka ba shi muƙamin mai ba da shawara, wato ya zauna a bakin tabarma ya yi shiru.

Shawara ɗaya ya bayar, ranar da suka ce za a yi biki a nuna wa duniya aiki. Ya ce, "Perzidan, abin nan shiru ne ya raya shi. A bar shi da shirunsa."

Mai shagon ya yi dariya. "Haba Baba, aikin da ba a gani ba ai ba a yi shi ba."

Don kaifin basira suka zaɓi ranar kasuwa, ranar da mutanen Kwaya da Sassumbrum da na tsallaken iyaka ke cika gari. Aka kafa rumfa, aka kawo maroƙi. Shi kuma maroƙi bai san yabo rabi-rabi ba. Ya buɗe murya yana cewa a dajinmu zomo ya fi kaji yawa, ka rufe ido ka jefa kere ka ci nama. Ina tsaye ina kallon samarin wasu garuruwa suna ajiye ciniki suna kasa kunne, 'yan komite kuwa sai tafi suke, baki har kunne. Takaici ya hana ni zama.

Kasuwa ba ta zagayo ba muka ji gangar farauta da sassafe. Ƙauyuka sun yi gayya, wasu a ƙafa wasu a moto, karnuka kamar tumaki. Mutanenmu 'yan ƙalilan suka fita, aka bi ta kansu aka wuce. Perzidan ya tuna yana da taro a Magaria. 'Yan gayya suka sa wa dajin wuta ta gefe-gefe, kafin la'asar an gama.

Sai dai baƙin nan sun san al'ada: ba a barin ƙasar mutane da nama ba a kai wa babban mafaraucin wurin kasonsa ba. Suka yi tambaya, aka nuna musu ƙofar kawu. Shugabansu ya durƙusa, ya ajiye mafi girma cikin zomayen a gabansa, mace ce, cikinta ya yi nauyi. Ya ce, "Baba, ga kasonka. Mun ji kai ka yi kiwonsu, Allah ya saka da alheri."

Mafarauci ba ya mayar da kaso. Kawu ya daɗe yana kallonta, sannan ya sunkuya ya ɗauke ta da hannu biyu, ya ce, "Madalla."